Mai Busa Murya Ta Biyu

Duk wanda ya taɓa zama a wurin koyon waƙa na ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya ya san wahalar da malamin waƙa yake sha ranar raba muryoyi. Kowa yana son murya ta fari, wadda jama'a suka sani, wadda za a fita daga majami'a ana rera ta a hanya. In aka ce wa yarinya ta koma murya ta biyu, sai ta ɓata rai kamar an rage mata daraja. Wani kuwa yakan amsa da baki, amma kafin a kai baiti na biyu sai ka ji ya sulale ya koma muryar da kowa yake yi.

A wannan wata muna so mu kai masu karatu ƙasar Amurka, wurin waɗansu makaɗa baƙar fata da suka yi suna wajen busa wani ɗan ƙaramin abu da ake kira harmonika. Yawancin kiɗansu ba na sujada ba ne. Duk da haka sun san wani abu game da murya ta biyu wanda muke gani zai amfane mu, a majami'a da kuma a gida.

Mece ce harmonika?

Harmonika abin busa ce mai shiga aljihu, tsawonta kamar inci 4. A gefenta ɗaya akwai ramuka 10 a jere, an rubuta musu lamba. A cikin kowane rami akwai siraran harsuna biyu na tagulla. In ka hura iska, ɗaya ya kaɗa ya yi ƙara. In ka zuƙi iska, ɗayan ne zai kaɗa. Ke nan harsuna 20 ne duka, kuma mai busa yana kiɗa ko yana fitar da numfashi ko yana shaƙa.

Daga Jamus ta fito. A 1857 wani mai ƙera agogo, Matthias Hohner, ya kafa masana'antarta a garin Trossingen, ba da daɗewa ba kuwa aka fara kai ta Amurka. A 1896 kamfaninsa ya fito da samfurin da ake kira Marine Band, wanda masu kiɗan da za mu ba da labarinsu suka fi amfani da shi. Tana da araha. Manomin da ba zai taɓa mallakar piyano ba yana iya sayenta, ya sa a aljihu ya tafi gona.

Waɗanda suka koyi do-re-mi a ƙungiyar mawaƙa za su gane tsarinta nan da nan. In ka hura daga rami na 1 zuwa na 10, za ka ji do, mi, so, do, mi, so, do, mi, so, do. In ka zuƙa, za ka ji re, so, ti, re, fa, la, ti, re, fa, la. Daga rami na 4 zuwa na 7 ana samun dukan muryoyi bakwai. A ramukan ƙasa babu fa, babu la. Ba kuskure aka yi ba. Maƙeran sun bar ramukan ƙasa ne domin in aka busa biyu ko uku tare su yi daɗin ji, su tallafi waƙar da ake yi a ramukan tsakiya. Tun a maƙera, ashe, an yi rabinta domin ta zama mai tallafi.

Kiɗan buluz

Kiɗan da muke magana a kansa ana kiransa buluz. Kada mai karatu ya rikita shi da sunan Manzo Bulus, ba abin da ya haɗa su. Ya taso ne a kudancin Amurka, a jihohi irin su Misisipi, a tsakanin 'ya'ya da jikokin bayi bayan da aka soke bauta a 1865. Waƙa ce ta mai kuka da halin da yake ciki: bashin mai gona, ambaliyar ruwa, rabuwa da masoyi, tafiya nesa neman aiki. Daga baya, da baƙar fata wajen miliyan 6 suka bar kudu tsakanin shekarun 1910 da 1970, sai suka tafi da ita manyan birane kamar Shikago da Ditroit.

Yawancin waƙoƙin buluz suna da tsari guda. Kowane baiti yana da gaɓa 12, kowace gaɓa tana da bugu 4. Mai jita yana yawo tsakanin kod uku, watau tarin muryoyin da ake kaɗawa tare, waɗanda kowane mai kaɗa ogan a majami'a ya sani: na do, na fa, da na so. Yakan yi gaɓa 4 a kan do, 2 a kan fa, 2 a kan do, 1 a kan so, 1 a kan fa, sa'an nan ya dawo gida da gaɓa 2 a kan do. Mawaƙi yakan faɗi layi ɗaya, ya maimaita shi, sa'an nan ya kawo na uku mai rufe zancen. Amma ba ya cika gaɓoɓin da magana. Kowane layi yana cin kamar rabin lokacinsa ne, sauran rabin kuwa a bar shi fili. Wannan fili shi ne gonar mai harmonika.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan. Haka mawaƙanmu na gargajiya suke yi da 'yan amshi, haka kuma zumuntar mata suke yi in mai ba da waƙa ta ɗaga murya sauran suka karɓa.

Yadda suka juya ta

A jikin kowace harmonika an buga harafi mai nuna ki nata. Bari mu ɗauki wadda aka buga wa C. Maƙerinta ya nufa a yi waƙar ki na C da ita, ana farawa da hura rami na 4. Masu buluz ba su bi wannan ba. Sai suka mai da zuƙar rami na 2 ta zama do ɗinsu. Da haka harmonikar C ta koma yin waƙar da take a ki na G. In mawaƙi yana ki na E, sai a ɗauko harmonikar A. In yana A, a ɗauko ta D. Saboda haka ne za ka ga mai busa yana yawo da guda shida ko bakwai a jaka.

Da wannan sabon lissafi, zuƙar rami na 2 ita ce do, ta 3 mi, ta 4 so. Zuƙar rami na 5 tana ba da wata murya da take ɗan ƙasa da ti, wadda take sa kiɗan ya yi kamar mai tambaya da ba a amsa masa ba. Hura rami na 4 fa ne, na 5 la, na 6 kuma do na sama.

Me ya sa suka yi wannan juyi? Domin muryoyin zuƙa na ramukan ƙasa suna lanƙwasuwa. In mai busa ya ja harshensa baya yana zuƙa, kamar wanda ya fara cewa “i” ya ƙare da “u”, sai muryar ta sauko ƙasa. Rami na 3 yana iya saukowa har rabin taki uku. Ta haka suka samo muryoyin da maƙeri bai sa ba, kuma ta haka harmonika take yin kuka kamar mutum.

Ayyuka uku na mai tallafi

Sa'ad da mawaƙi yake waƙa, mai harmonika yana da ayyuka uku, kowanne da dokarsa.

Na fari shi ne amshi. Yana jira mawaƙi ya gama layinsa, sa'an nan ya amsa a cikin filin da aka bari, ya kuma yi shiru kafin layi na gaba ya shigo. Sabon shiga ba ya shan wuyar koyon busa kamar yadda yake shan wuyar koyon tsayawa. Wanda ya ci gaba da busa a kan maganar mawaƙi, komai gwanintarsa, ba a sāke gayyatarsa.

Na biyu shi ne shimfiɗa. A nan yana riƙe murya ɗaya ko biyu a hankali, ƙarƙashin muryar mawaƙi, kamar tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙo. In mai jita yana kan kod na do, sai ya zuƙi ramuka na 2, 3 da 4. In aka koma na fa, sai ya hura, gama duk ramin da ya hura ya dace. In aka kai na so, sai ya taƙaita a kan zuƙar rami na 1 ko na 4, domin harmonikar ba ta da cikakken wannan kod. Akwai tarko guda a nan. Zuƙar rami na 3, wadda take da daɗi ƙwarai a kan kod na do, takan yi karo in aka riƙe ta bayan an koma na fa. Sai mai busa ya lanƙwasa ta rabin taki ko ya bar ta. Muryar da ta dace ɗazu ba lalle ta dace yanzu ba.

Gwanaye suna da wata dabara a wannan aiki. Sukan buɗe baki a kan ramuka huɗu, su toshe biyu na tsakiya da harshe, iska ta bi ta gefe biyu. In aka yi haka a kan rami na 1 da na 4, ana jin murya guda sau biyu, ta ƙasa da ta sama, kamar magidanci da ɗansa suna waƙa tare. In aka zuƙi na 2 da na 5, ana jin do tare da muryar nan mai tambaya.

Na uku shi ne ya fi wuya, watau bin waƙa da murya ta biyu. Mawaƙi ko wani mai harmonika yana jan waƙar, kai kuwa kana tafiya tare da shi taki da taki, amma a kan wata murya dabam, galibi taki biyu sama ko ƙasa da tasa. Abin da ya ƙara masa wuya a buluz shi ne, mawaƙi ba ya tsayawa daidai a kan mi. Yakan sauko da ita kaɗan, yau da yawa, gobe kaɗan, yadda zuciyarsa ta ba shi. Ba a rubuta wannan a takarda ba. Dole mai murya ta biyu ya ji da kunnensa, ya lanƙwasa tasa ta daidaita da ta ɗan'uwansa a daidai wannan lokaci. Saboda haka ba zai yiwu ya riƙa sauraron kansa kaɗai ba.

A Hausa in aka ce mutum ɗan amshin Shata ne, ana nufin ba shi da ra'ayin kansa, abin da aka faɗa shi yake maimaitawa. Murya ta biyu ba haka take ba. In ta maimaita ta fari, ba ta ƙara kome ba sai ƙarfi. In ta kama tata hanya ba ta kula ba, ta ɓata waƙar. Aikinta shi ne ta bambanta, ta kuma dace.

Waɗanda suka yi wannan aiki

Sonny Terry, wanda aka haifa a 1911, ya makance tun yana saurayi bayan ya ji rauni a idanunsa. Brownie McGhee, mai jita da waƙa, shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana yaro. Suka haɗu a farkon shekarun 1940, suka yi fiye da shekara 30 suna kiɗa tare, a Amurka da Turai. McGhee yana waƙa, Terry yana amsawa da harmonika, yana haɗawa da wani irin ihu na farin ciki tsakanin busa da busa. Wanda ya ji faifansu zai ce zuciyarsu ɗaya ce. Amma sanannen abu ne cewa a shekarunsu na ƙarshe ba sa ga maciji da juna, har suka rabu. Muryoyinsu sun jitu, su kuwa ba su jitu ba. Wannan gargaɗi ne ga kowace ƙungiyar mawaƙa da take waƙa da daɗi ran Lahadi alhali waɗansu a cikinta ba sa gaisawa.

Little Walter, wanda aka haifa a 1930, ya shiga ƙungiyar Muddy Waters a Shikago a ƙarshen shekarun 1940. Yakan rungume harmonika da makirufo a tafin hannu ɗaya, ya haɗa da amfilifaya, ƙarar ta fito da kauri kamar ta babban ƙaho. Da irin wannan ƙarfi yana iya danne kowa, amma a faifan Muddy Waters za ka ji yana kewaya muryar maigidansa, yana cika inda aka bari, yana kaucewa inda magana take. A 1952 wani kiɗansa mai suna Juke ya yi mako 8 yana kan gaba a jerin faya-fayan baƙar fata da aka fi so, sai ya fita ya kafa tasa ƙungiya. Ya yi suna, amma giya da faɗa suka cinye shi. Ya mutu a 1968 bayan wani faɗa a titi, yana da shekara 37. A 2008 da aka sa sunansa a zauren tunawa da manyan makaɗa na birnin Kilibilan, a sashen masu tallafa wa waɗansu aka sa shi.

Big Walter Horton mutum ne mai kunya, ya fi jin daɗin busa a bayan waɗansu da ya ja gaba. A 1972 ya yi faifai tare da Carey Bell, wanda ya koyi busa a wurinsa. A waɗansu waƙoƙin ana jin harmonika biyu, malami da almajiri, ɗaya yana ja ɗaya yana tallafawa.

Labarin da ya fi shafar gidajenmu shi ne na Roma Wilson. An haife shi a Misisipi a 1910, ya zama mai wa'azi a ikkilisiyar Fentikos, daga baya ya ƙaura zuwa jihar Mishigan neman aiki. Ya koya wa 'ya'yansa maza busa, sukan tsaya a titin Hastings na birnin Ditroit suna waƙoƙin bishara, uba yana ja, 'ya'ya suna tallafa masa da nasu harmonika. Wani mai kantin faya-fayai a titin ya ɗauki muryarsu. Faifan ya yi tafiya har ƙetare, masana suna yabonsa, shi kuwa Wilson bai sani ba sai bayan shekaru masu yawa. A 1994 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma da take ba masu riƙe da fasahar gargajiya. Ya rasu a 2018 yana da shekara 107. Salon busarsa irin na masu buluz ne, lanƙwasa da duka. Abin da yake faɗa ne ya bambanta.

Ya dace da gidan mai bi?

Mun san waɗansu iyaye za su yi wannan tambaya, kuma suna da gaskiya su yi ta. Ikkilisiyoyin baƙar fata na Amurka su ma sun yi ta. Da yawa a cikinsu sun kira buluz kiɗan Shaiɗan, domin a gidajen giya da rawa aka fi yinsa, kuma kalmomin waɗansu waƙoƙin ba na kunnen yara ba ne. Ba mu ce a kawo waɗannan cikin gida ba.

Amma mu tuna da Thomas Dorsey. Shi mai kaɗa piyano ne na buluz kafin ya ba da kansa ga waƙar Ubangiji. A 1932 matarsa ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai rayu ba, a cikin wannan baƙin ciki kuwa ya rubuta waƙar da aka fi saninsa da ita. Da fari waɗansu majami'u sun ƙi waƙoƙinsa domin suna jin ƙamshin buluz a ciki. Daga baya ya yi shekaru masu yawa yana jagorar mawaƙan ikkilisiyar Baptis ta Pilgrim a Shikago, har ana kiransa uban waƙar bishara ta baƙar fatar Amurka. Kukan mai shan wuya ba baƙon abu ba ne ga masu karanta Zabura. Tambayar ita ce, wa ake kai wa kukan?

Ku gwada a gida

In akwai harmonika biyu masu harafi ɗaya a gidanku, ga abin da yara biyu za su iya gwadawa da maraice. A nan mun koma lissafin maƙeri na asali, inda hura rami na 4 shi ne do. Bari babba ya yi mi, fa, so, la: ya hura 5, ya zuƙi 5, ya hura 6, ya zuƙi 6. A lokaci guda ƙarami ya yi do, re, mi, fa: ya hura 4, ya zuƙi 4, ya hura 5, ya zuƙi 5. Su yi a hankali, su riƙe kowace murya har su ji ta zauna.

Har zuwa nan mutum ɗaya ma zai iya yin duka biyun, in ya buɗe baki a kan ramuka biyu. Amma a taki na gaba abin ya sāke. Babba zai hau ti da zuƙar rami na 7. Muryar da ta dace da ita ita ce so, wadda take a hura rami na 6. Ba mai iya hurawa da zuƙa a lokaci guda. In mutum ɗaya ya zuƙi 6 da 7 tare, la da ti ne za su fito suna karo. Sai an sami mutum biyu, ɗaya yana shaƙa, ɗaya yana fitarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan sun iya, sai su yi musanya, wanda ya ja ɗazu ya koma tallafi. Za ku ga wanda ya fi ƙarfin busa shi ne zai fi shan wuya, gama dole ya rage ƙarfinsa har ya iya jin ɗan'uwansa. Ga ma'auni mai sauƙi da ya dace da masu busa da masu waƙa duka: in ba ka jin muryar na kusa da kai, taka ta yi yawa.

A Littafin Fitowa sura 17 an ba da labarin yaƙin Isra'ilawa da Amalekawa. Joshuwa yana filin daga, Musa yana kan tudu da hannuwa a ɗage. Da hannuwansa suka gaji, Haruna da Hur suka tsaya masa dama da hagu, suka riƙe su har faɗuwar rana. Yara da yawa sun san Musa da Joshuwa, kaɗan ne suka san Hur. Amma ba domin shi ba da labarin ya sāke. A kowace ikkilisiya akwai irinsa: matar da take share majami'a tun da asuba, dattijon da yake tsayawa bayan sabon fasto, yayan da ya bar makaranta domin ƙannensa su yi karatu. A cikin aure ma haka ne. Yau miji ne yake jan waƙar, gobe mata ce, kuma gidan da kowa ya ƙi sauka murya ta biyu ba ya rabuwa da hayaniya.

Muna ba da shawara a karanta wannan sura a lokacin addu'ar iyali a wannan mako, tare da 1 Korantiyawa sura 12, inda Manzo Bulus ya kwatanta masu bi da gaɓoɓin jiki ɗaya. Sa'an nan kowa ya faɗi sunan mutum ɗaya da yake tallafa masa ba tare da an gani ba, a yi godiya ga Allah dominsa. In kuma malamin waƙa ya ce miki ko ya ce maka ka koma murya ta biyu ran Asabar mai zuwa, ka karɓa da farin ciki. Aikin mai kunne ne aka ba ka.